Lissafin Ɗigo Mai Yawo a Cibiyar Babbar Manhaja: Daga Tilas Zuwa Zaɓi

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2018 an shigar da wasu gyare-gyare guda biyu cikin Linux, babbar manhajar nan da Linus Torvalds ya fara rubutawa a birnin Helsinki na ƙasar Finland a 1991. Gyara na farko ya shafi na'urorin da ke aiki da furosesa samfurin RISC-V, na biyu kuma ya shafi masu aiki da samfurin MIPS. Manufarsu ɗaya ce, wato a ba mai harhaɗa manhajar damar ya cire duk abin da ya danganci lissafin ɗigo mai yawo daga cikin cibiyarta, idan ya tabbata ba ya buƙatarsa. Kafin wannan lokaci, a waɗannan samfura biyu, abin tilas ne.

Wanda bai san fannin ba zai ɗauka wannan ƙaramin gyara ne na ragin nauyi kawai. Amma ya taɓa wani tsohon alkawari da ke tsakanin cibiya da sauran manhajoji. Alkawarin shi ne duk umarnin lissafi da manhaja ta bayar za a aiwatar da shi, ko da furosesan da ke cikin na'urar bai san wannan umarni ba. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda alkawarin ya samo asali, da nauyin da ya ɗora wa cibiya, da kuma wanda nauyin yake komawa kansa idan aka janye alkawarin.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Tun da yake fannin bai daɗe da shigowa rubutun Hausa ba, ya kamata a fara da daidaita kalmomi. An yi amfani da "babbar manhaja" a madadin manhajar da ke gudanar da na'ura baki ɗaya, irin su Linux da Windows. A tsakiyar kowace babbar manhaja akwai wani sashe da shi kaɗai yake da ikon taɓa kayan na'urar kai tsaye, shi ne kuma yake raba wa sauran manhajoji lokaci da wuri. Sunansa a Ingilishi, wanda ake furtawa "kanel", asalinsa ɗan abin da ke cikin ɓawo ne, kamar na gyaɗa ko na kwakwa. Fassara ta kai tsaye za ta ba da "ƙwaya", sai dai wannan kalma ta riga ta yi nisa wajen nufin magani, har ma da abin maye, saboda haka aka zaɓi "cibiya". An bar "furosesa" a matsayin kalmar aro don ɗan guntun nan da ke aiwatar da umarni, domin "ƙwaƙwalwa" da wasu ke amfani da ita tana rikita shi da ma'adana. Ƙananan wuraren da ke cikin furosesa, inda yake ajiye lambobin da yake aiki da su a daidai wannan lokaci, an kira su "gurabe".

Sauran abin da ya rage shi ne ɗigo mai yawo, kuma shi yana buƙatar ɗan tsawaitawa. Kwamfuta ba ta san ɗigon da ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta ba. Abin da ta sani kawai shi ne jerin 0 da 1 masu iyakantaccen tsawo, kowane ɗaya ana ce masa bit, takwas daga cikinsu kuma bayit. Don haka hanyoyi biyu ake bi wajen rubuta lamba irin 12.50. Ta farko ita ce a kafe ɗigon a wuri guda, a yi ta lissafi da cikakkun lambobi. Haka ɗan kasuwa zai yi idan ya mayar da komai kobo: naira 12.50 ta zama 1250, sai a ƙarshe ya mayar da ɗigon inda yake. Wannan shi ne kafaffen ɗigo. Hanya ta biyu ita ce a ajiye alƙaluman lambar daban, a kuma ajiye wata ƙaramar lamba daban da ke nuna inda ɗigon ya faɗa. Ta haka 1250 da 12.5 da 0.00125 duk alƙalumansu ɗaya ne, wato 125, bambancin kawai matsayin ɗigo. Tun da ɗigon yana matsawa gaba da baya gwargwadon girman lambar, sai aka ce yana yawo. Amfanin wannan hanya shi ne gurbi guda yana iya ɗaukar nisan da ke tsakanin taurari, yana kuma iya ɗaukar kaurin gashi.

Ƙa'idar da duniya ke bi a kan wannan ita ce IEEE 754, wadda aka fitar a 1985, kuma William Kahan na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley shi ne jigon tsara ta. A tsarin bit 32, bit ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko ƙasa, 8 na nuna matsayin ɗigo, 23 na ɗauke da alƙaluma. A tsarin bit 64 rabon shi ne 1 da 11 da 52. Tara lambobi biyu a wannan tsari ba ya yiwuwa sai an fara daidaita ɗigoginsu, sannan a tara, a sake gyara matsayin ɗigo, a kuma yanke abin da ya yi rara bisa ƙa'ida. Aikin yana da matakai da yawa, shi ya sa masu ƙera furosesa suka keɓe masa sashe na musamman mai nasa gurabe. Shi ne za a riƙa kira "sashen ɗigo" daga nan zuwa gaba.

3.0 Nauyin da ke Kan Cibiya

Abin mamaki na farko shi ne cibiyar Linux ita kanta kusan ba ta yin lissafi da ɗigo mai yawo. Hasali ma, a lokacin harhaɗa ta ana umartar manhajar fassara da kada ta taɓa guraben sashen ɗigo. Idan cibiya ta buƙaci lamba mai gutsure, kafaffen ɗigo take bi. Alal misali, akwai wasu lambobi uku da take fitarwa don nuna matsakaicin nauyin aikin na'ura cikin minti 1 da minti 5 da minti 15, waɗanda mai amfani ke gani kamar 0.75 ko 1.20. A cikin cibiya ba haka suke ba. Lamba 2048 ce ke tsaye a madadin 1.0, rabinta 1024 kuma a madadin 0.5, kamar dai yadda kobo ɗari ke tsaye a madadin naira. Akwai 'yan wurare da aka yi togaciya, kamar lissafin ɓoye bayanai da kuma manhajar sarrafa allon nuni ta kamfanin AMD, amma a can ma sai an nemi izini ta wata kafa ta musamman kafin a fara, a kuma sanar idan an gama.

To, idan cibiya ba ta lissafi da shi, mene ne kuma za a cire daga cikinta? Amsar tana cikin riƙon amana. Furosesa guda yana yi wa manhajoji da yawa aiki ta hanyar karɓa-karɓa, kowace ta samu ɗan taƙaitaccen lokaci, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Lamarin ya yi kama da ɗalibai da yawa masu allo ɗaya. Kafin a miƙa allon ga na gaba, dole wani ya kwafe abin da na farko ya rubuta, ya adana, sannan idan zagaye ya dawo kansa a mayar masa da rubutunsa daidai yadda ya bar shi. Cibiya ce mai wannan kwafi. Duk lokacin da aka sauya aiki, sai ta kwashe abin da ke cikin gurabe ta kai ma'adana, ta ɗauko na mai shigowa ta zuba. Guraben sashen ɗigo suna cikin abin da ake kwashewa, kuma sun fi na cikakkun lambobi girma. A tsohon tsarin Intel gurabe takwas ne masu bit 80, kuma adana su tare da bayanan da ke biye da su yana cin bayit 108. Da aka ƙara sababbin gurabe a ƙarshen shekarun 1990 adadin ya koma 512. A MIPS da RISC-V gurabe 32 ne, idan masu bit 64 ne sun kai bayit 256. Dole a tanadar wa kowane aiki da ke gudana irin wannan wuri, ko yana lissafin ɗigo ko ba ya yi.

Ba a nan nauyin ya tsaya ba. Cibiya ce ke tayar da sashen ɗigo a lokacin kunna na'ura. Ita ce ke karɓar ƙara idan aka raba lamba da sifiri. Idan aka katse wata manhaja don a isar mata da saƙon gaggawa, cibiya ce ke ajiye hoton gurabenta, ta mayar bayan an gama. Mai binciken kurakuran manhaja ma, idan yana son ya leƙa cikin guraben, ta hannun cibiya zai bi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa rubutaccen umarni a cikin cibiya, kuma su ne ake nufi idan aka ce "tallafin" ɗigo mai yawo.

3.1 Dabarar Jinkiri

Tun da wuri masu rubuta manyan manhajoji suka lura cewa yawancin ayyuka ba sa taɓa sashen ɗigo, don haka kwashe gurabensa a kowane sauyi ɓata lokaci ne. Sai suka ƙirƙiro dabarar jinkiri. A lokacin sauyi ba a taɓa guraben, sai dai a kulle sashen, a bar kayan mai fita a ciki. Idan mai shigowa bai nemi sashen ba har lokacinsa ya ƙare, an huta. Idan kuwa ya nema, furosesa zai tarar da kulle, ya tsaya ya kai ƙara ga cibiya, sai a lokacin ta yi kwashewar. Furosesocin Intel suna da wani bit guda da aka tanada domin wannan kulle.

Dabarar ta yi shekaru tana aiki, amma abubuwa biyu suka kashe mata kasuwa. Na farko, manhajojin zamani sun koma amfani da waɗannan gurabe a kusan kowane aiki, har da kwafe rubutu daga wuri zuwa wuri, saboda haka ƙarar da ake gudu ta zama ta kullum. Wannan ya sa a 2016 Linux ta mayar da kwashewa nan take ta zama ita ce ƙa'ida a furosesocin Intel da makamantansu. Na biyu ya fi muni. A watan Yuni na 2018 aka bayyana cewa a wasu furosesocin Intel, manhaja mai mugun nufi tana iya gano abin da wata ta bari a cikin guraben duk da kullen, kuma daga cikin abin da akan bari akwai mabuɗan sirri na ɓoye bayanai. Allon da ba a wanke ba, ashe ana iya karanta shi ta gefe. Manyan manhajojin da ba su riga sun bar dabarar ba sai da suka yi gyaran gaggawa.

4.0 Idan Babu Sashen Ɗigo

Duk bayanin da ya gabata ya ɗauka cewa furosesa yana da sashen ɗigo. A tarihi kuwa, rashinsa ya fi yawa. Furosesan Intel 8086 na 1978 ba shi da shi. A 1980 kamfanin ya fitar da 8087, guntu daban mai tsada wanda ake saye a ƙara, kuma kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da wurin da aka bar masa fanko ga mai hali. Haka aka ci gaba da 80386 na 1985 da abokinsa 80387. Sai a 80486 na 1989 aka haɗe su cikin guntu ɗaya, amma a 1991 aka sake fitar da 486SX mai rahusa wanda ba ya lissafin ɗigo. Wani abin ban dariya shi ne guntun 487SX da aka riƙa sayarwa don cike wannan giɓi cikakken furosesa ne, da zarar an saka shi sai ya kashe na asali ya karɓe aikin duka.

A irin wannan zamani Linux ta taso, a kan 80386, a hannun ɗalibai da masu sha'awa waɗanda da yawansu ba su da abin sayen ƙarin guntu. Mafitar da aka samu ita ce kwaikwayo. Idan manhaja ta ba da umarnin ɗigo, furosesa ya ga bai san shi ba, sai ya tsaya ya kai ƙara. Cibiya ta karanta umarnin, ta gane abin da ake nufi, ta yi lissafin da cikakkun lambobi mataki-mataki, ta ajiye amsa inda manhajar ke sa ran samunta, sannan ta sake ta ta ci gaba. Manhajar ba ta san an yi haka ba. Torvalds ya fara rubuta wani taƙaitaccen makwaikwayi, daga baya aka maye gurbinsa da cikakke wanda Bill Metzenthen na Ostireliya ya fara rubutawa a 1992.

Masanin harshe zai gane wannan tsari da sauƙi. Jerin umarnin da furosesa ya sani tamkar rumbun kalmominsa ne, manhaja kuma takarda ce da aka rubuta da harshen. Makwaikwayin cibiya tafinta ne wanda ba ya zaune a ɗakin. Duk lokacin da aka ci karo da baƙuwar kalma sai an dakatar da karatu, an aika a kira shi, ya fassara kalma ɗaya tak, ya koma. Idan kalmar ta sake fitowa a layi na gaba, sai an sake aikawa. Saƙo yana isa, amma zuwa da komawar sun fi fassarar kanta cin lokaci nesa ba kusa ba.

Akwai hanya ta dabam, wato a fassara takardar gaba ɗaya tun kafin a kawo ta. Manhajar fassara, wadda ke mayar da rubutun ɗan Adam zuwa umarnin furosesa, ana iya gaya mata cewa na'urar da za a kai wa ba ta da sashen ɗigo. Sai ta maye gurbin kowane umarnin ɗigo da kiran wani ɗan shiri da ke yin lissafin da cikakkun lambobi. Manhajar da aka harhaɗa ta wannan hanya ba ta ƙunshi baƙuwar kalma ko ɗaya, ba ta tsayar da furosesa, ba ta kuma buƙatar komai daga cibiya. Ta fi kwaikwayon cibiya sauri ƙwarai, ko da yake ba ta kamo ainihin sashen ɗigo ba. A kan wannan hanya ta biyu ce hujjar masu son cire tallafi ta ginu: idan duk takardun da za su shigo an riga an fassara su, albashin tafinta asara ne.

5.0 Gyare-gyaren 2018

MIPS ya samo asali daga binciken John Hennessy a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1980. Ya taɓa zama furosesan manyan kwamfutocin bincike, amma daga baya ya sami gindin zama a ƙananan na'urori, musamman na'urar rarraba intanet ta cikin gida da ake kira rauta. Yawancin guntayen da ke cikin rautoci masu araha ba su da sashen ɗigo, domin aikinsu tura bayanai ne, ba lissafin kimiyya ba. Duk da haka cibiyar Linux ta MIPS ta daɗe tana tafe da makwaikwayinta a kowane hali, kuma da dalili. Wasu furosesocin MIPS masu sashen ɗigo ma ba sa kammala kowane lissafi da kansu. Idan suka haɗu da lambobi masu matuƙar ƙanƙanta, dab da sifiri, sukan miƙa wa cibiya ta ƙarasa. Ke nan makwaikwayin yana da aiki a gida biyu, shi ya sa aka daɗe ba a yi tunanin raba shi da cibiya ba.

A watan Nuwamba na 2018 Paul Burton, wanda a lokacin yake kula da ɓangaren MIPS na Linux, ya gabatar da jerin gyare-gyare da suka kawo zaɓi mai suna CONFIG_MIPS_FP_SUPPORT. Ya fito a Linux 5.0 a watan Maris na 2019. Idan aka kashe zaɓin, ana fitar da makwaikwayi, da umarnin tayar da sashen ɗigo, da na kwashe gurabe, da kuma wurin da ake tanadar wa kowane aiki. Yawancin wahalar aikin ba a sharewa take ba, a tsefewa take. Shekaru da yawa an rubuta sassan cibiya bisa zaton tallafin yana nan, saboda haka ambatonsa ya watsu cikin sashen isar da saƙon gaggawa, da na binciken kurakurai, da na karɓar ƙara. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka killace kafin a iya ɗaga shi ba tare da wani abu ya rushe ba.

Labarin RISC-V ya ɗan bambanta. An fara tsara shi a Berkeley a 2010, kuma tun daga tushe an gina shi a kan zaɓi. Akwai ƙaramin rukunin umarni na cikakkun lambobi wanda kowa ke da shi, sauran kuma ƙari ne masu haruffa: M don ninkawa da rabawa, F don ɗigo mai bit 32, D don mai bit 64, da sauransu. Mai ƙera guntu yana ɗaukar abin da yake so. Amma da RISC-V ya shiga Linux a fitowa ta 4.15 a farkon 2018, cibiyar ta ɗauka cewa F da D suna nan, wanda ya saɓa wa ruhin tsarin. Alan Kao na kamfanin Andes Technology da ke Taiwan ya jagoranci gyaran da ya fito a Linux 4.20 a watan Disamba na wannan shekara. Gyaran ya kawo abu biyu: damar cire tallafin a lokacin harhaɗawa, da kuma damar cibiyar da ke da tallafin ta duba a lokacin kunnawa ko sashen yana nan, ta daidaita kanta. Na biyun ya fi amfani ga jama'a, domin cibiya guda za ta iya tashi a kan guntaye iri-iri. Daɗin daɗawa, masu tsara RISC-V sun koyi darasi daga dabarar jinkiri, sai suka sa furosesan da kansa yana riƙe da alamar ko an taɓa guraben ɗigo tun bayan adanawa ta ƙarshe. Idan ba a taɓa ba, cibiya ba ta sake kwafewa, ba tare da ta jira ƙara ba.

6.0 Wanda Nauyin ke Komawa Kansa

Ribar cirewa ba ta da yawa a idon mai babbar kwamfuta. Amma akwai rautoci masu yawa da aka ƙera da ma'adanar dindindin ta megabayit 4 da ma'adanar aiki ta megabayit 32, kuma a cikin wannan ɗan wuri ake son cibiya da duk sauran manhajoji su shiga. A irin wannan ƙunci kowane kilobayit yana da mai nemansa. Haka kuma duk umarnin da aka cire ya fita daga cikin abin da za a riƙa dubawa, ya kuma fita daga cikin ƙofofin da mai kutse zai gwada. Makwaikwayi yana karanta umarnin da wata manhaja ta miƙo yana aiwatarwa da ikon cibiya, kuma irin wannan wuri ne kuskure ke yin tsada.

Farashin kuwa shi ne janye alkawarin da aka ambata a farko. A cibiyar da ba ta da tallafi, idan manhaja ta ba da umarnin ɗigo ko da guda ɗaya ne, ba a kiran tafinta. Ana aika mata da saƙon da ake kira SIGILL, ma'ana haramtaccen umarni, ta mutu nan take. Wannan ba hasashe ba ne, domin an gan shi tun kafin gyaran Burton. Masu OpenWrt, wani reshen Linux da aka keɓe wa rautoci, sun daɗe da yin nasu gyaran na kashe makwaikwayin MIPS don samun wuri, suna harhaɗa duk manhajojinsu ta hanyar fassara tun farko. Tsarin ya tafi daidai muddin komai daga hannunsu ya fito. Matsala ta taso ne da mutane suka fara kawo manhajojin da aka rubuta da harshen Go, wanda a lokacin mafassarinsa na MIPS yake ɗauka cewa sashen ɗigo yana nan. Manhaja takan faɗi tun kafin ta fara aiki, da saƙon da ba ya bayyana wa mai na'ura komai. Mafita ita ce ko dai mutum ya sake harhaɗa cibiyar rautarsa da makwaikwayi, ko ya haƙura, har zuwa fitowar Go 1.10 a watan Fabrairu na 2018, wadda ta kawo zaɓin harhaɗawa ba tare da umarnin ɗigo ba.

Akwai wani ƙulli kuma. Manhajar da aka harhaɗa don sashen ɗigo da wadda aka harhaɗa ba don shi ba sun saɓa a yadda suke miƙa wa juna lambobi, ɗaya ta guraben ɗigo, ɗaya ta guraben cikakkun lambobi. Ba a haɗa su cikin shiri guda. Saboda haka shawarar ba ta tsaya a kan cibiya kaɗai, tana bin duk abin da za a ɗora a kanta. Wannan ne ya sa Debian ta raba rumbunta na furosesan ARM mai bit 32 gida biyu, armel da armhf, na biyun ya zama na hukuma a 2013.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa aka ɓoye zaɓin MIPS a cikin rukunin da sai wanda ya ayyana kansa ƙwararre yake gani, aka kuma bar shi a kunne idan ba a taɓa ba. Wannan hukunci daidai ne. Mai ƙera na'ura rufaffiya, wanda ya san kowace manhaja da za ta taɓa gudana a cikinta, yana da ilimin da zai ɗauki nauyin. Mai rarraba babbar manhaja ga jama'ar da bai sani ba, ba shi da wannan ilimi, kuma idan ya cire tallafin ya tura wahalar ga mutumin da ya fi kowa rashin sanin abin da ya faru.

7.0 Manyan Na'urori

A ɓangaren Intel tafiyar ta bi ta wata fuska. A can sashen ɗigo ya zama na kowa tun daga Pentium na 1993, don haka makwaikwayi ne ya zama kaya. Linux ta daina tallafa wa 80386 a fitowa ta 3.8 a 2013, kuma a 2025 Ingo Molnar ya gabatar da shawarar a sallami 80486 tare da makwaikwayin Metzenthen, wanda ya haura shekara talatin a cikin cibiya.

Sai dai tambayar zaɓi ta sake dawowa ta wata ƙofa. Sababbin furosesocin Intel na manyan cibiyoyin bayanai sun zo da wani ƙari mai suna AMX don lissafin jadawalin lambobi, mai gurabe takwas, kowane kilobayit ɗaya. Wato kilobayit 8 ke nan na ƙarin abin kwashewa, inda 80387 ya tsaya a bayit 108. Tsofaffin manhajoji da yawa sun keɓe ɗan ƙaramin wuri don hoton gurabe a lokacin saƙon gaggawa, kuma da an zuba musu wannan ƙari ba da saninsu ba, da ya malala ya ɓata abin da ke maƙwabtaka da shi. Saboda haka tun daga Linux 5.16, wadda ta fito a watan Janairu na 2022, AMX a kulle yake ga kowace manhaja har sai ta nemi izini daga cibiya da bakinta. Idan ta nema, cibiya takan duba ko wurin da ta keɓe ya isa kafin ta amince, sannan ta faɗaɗa mata ma'ajin gurabe a karon farko da ta yi amfani da su. Wadda ta taɓa guraben ba tare da izini ba kuwa, saƙon SIGILL ɗin da ke kashe manhaja a kan ƙaramar rauta shi ne ita ma take samu.